Mai Tsaron Bakin Shinge da Mai Kyamara

Zauna, 'yata, ki daina murza wannan gyalen. Don an mayar da ke makarantar ƙauye kina ganin an binne ki da rai? To bari in ba ki misalin wasu mutum biyu.

An yi wani mutumin ƙasarmu wanda tun yana yaro ake sa shi korar tsuntsaye a gonar dawa, har hannunsa ya saba da jifa, idonsa kuma ya saba da bin abin da ke sama. Da ya girma neman abinci ya kai shi wani birni a kudu, can ya tarar ana wani wasa da ake kira besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga, su kuma abokan hamayya su yi ƙoƙarin cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi, ya zama da wasan yake ci da iyalinsa. Ya so ya yi suna wajen duka, don masu dukan ake wa tafi, amma kulkinsa bai cika samun ƙwallo ba. Inda ya fi amfani shi ne can ƙarshen fili, kusa da shinge, da safar fata a hannu ɗaya, inda ba mai tsayawa sai balbelu. Shekaru suka tura, gwiwa ta fara ƙara, matarsa ta fara yi masa zancen komawa gida noma. Ana nan sai ga wani mai shirya fim, wanda ya gaji da riƙe wa manyan kamfanoni fitila, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kyamara don ya yi nasa. Ba shi da ubangida, ba shi da jarumi ko ɗaya. Ya zo filin ne don ya ɗauki wani shahararren mai duka, amma ya tarar ma'aikatan talabijin sun cika gaba. Aka yi ta ce masa matsa, matsa, har aka dangana shi da shinge. Ya kafa kyamara ransa a ɓace, ya leƙa, bai ga kowa ba sai ƙeyar mutum ɗaya. Tunda ya riga ya zo, sai ya ɗauki ƙeyar. Da ya koma masauki ya kalla, ya ga abin da 'yan kallo ba su taɓa gani ba. Mutumin nan yakan tsinki ciyawa ya saki don ya san inda iska ta nufa. Yakan fara gudu tun kafin ƙarar kulki ta iso kunne. In wasa ya yi sanyi kuma, sai ya shiga rera waƙar noma ƙasa-ƙasa yana gyaɗa kai. Washegari mai fim ya dawo bakin shinge da ƙafarsa, ba wanda ya kore shi. Ɗan wasan ya waiwayo ya ce, "Malam, ka yi ɓatan kai, masu suna suna can gaba." Ya ce, "Na gan su. Ci gaba da waƙarka." Daga nan suka saba. Ɗan wasan ya roƙa masa kujera a motar ƙungiya, ya shimfiɗa masa tabarma a zaurensa, kwano ɗaya suke sa hannu.

Ranar wasan ƙarshe na shekara, ƙungiyarsu na gaba da ƙyar, sai shahararren nan na abokan hamayya ya ɗirka wa ƙwallo duka, ta tashi sama kamar ba za ta sauko ba. Duk kyamarorin gaba suka juya kansa, yana gudu yana ɗaga hannu, don kowa ya ɗauka ta tsallake shinge, wanda in ta tsallake nasara ta koma tasu. Mutuminmu kuwa ya bi ta da gudu yana kallon sama, ya taka shingen, ya miƙa hannu ya tsinko ta kamar mai tsinkar mangwaro, ya faɗo ya mirgina cikin ciyawa, ya tashi yana dariya da ƙwallo a hannu. A duk filin nan kyamara ɗaya ce ta gani. Mai fim ya haɗa aikinsa, da waƙar, da balbelun, da wannan tsalle. Fim ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya ƙetare teku. Wata babbar ƙungiya ta aiko a kawo mata mai tsallen, ya buga mata 'yan shekaru, da gwiwar ta ƙi sai suka riƙe shi yana koyar da matasa. Shi kuma mai fim, jaruman da a da ba sa amsa sallamarsa suka fara aiko masa da gaisuwa, ya sayi wani babur, ya ci gaba da yin finafinansa yadda ransa ke so. Amma ranar da suka fi jin daɗi ita ce ranar da suka kai fim ɗin ƙauyen ɗan wasan. Bayan magariba aka rataya farin zane a bangon makaranta, gari ya hallara. Tsohuwarsa, wadda ba ta taɓa gane irin aikin da ɗanta ke yi a kudu ba, tana zaune a gaba. Da ƙwallon nan ta tashi sama, sai ta miƙe tsaye, ta manta zane take kallo, ta ce, "Bi ta, ɗan nan, kada ka bari ta faɗi." Da ya cafe, ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, sai da aka mayar da wurin aka sake nunawa har aka gaji da ƙirgawa, ɗanta na zaune kusa da ita yana share hawayen dariya.

Da an ba ɗan wasan kulki mai sa'a, aka kuma ba mai fim wuri a gaba, da har yau ba su san juna ba. Saboda haka ki ɗaure kayanki ki tafi ƙauyen nan da fuska a sake, ki buɗe ido ki ga wa aka ajiye miki a can. Hausawa sun riga sun faɗa: wani hanin ga Allah baiwa ne.