Masassaƙin da Aka Zana a Bangon Kushewa

A Masar ta zamanin Fir'auna an yi wani masassaƙi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bauta wa wani babban bafade. Gadon da bafaden ke kwana a kai, kujerar da yake harɗewa, duk aikin hannunsa ne. Su kuwa manyan ƙasar tun suna raye suke haƙa kushewarsu cikin dutse, su cika ta da kaya kamar ɗakin amarya. Bafaden ya yi masa alkawarin ranar da ya gama kayan kushewar zai sallame shi ya huta. Bawan Allah ya duƙufa, ga zarto ga gizago, har bayansa ya ranƙwafa. Da ya gama, maimakon sallama sai aka ce ya je ya ga karamcin da aka yi masa: an zana shi a bangon kushewar maigida.

Ya shiga da murnarsa, mai zanen na haska masa fitila. Ga shi nan kuwa ɗan ƙarami a gindin ƙafar bafaden, an ɗaure katako a turke yana jan zarto. Ya nemi sunansa, babu. Da ya ƙura ido sai ya ga an ba shi yatsu biyar cif a hannun hagu, alhali babban yatsan nan tuni gizago ya cinye shi wajen sassaƙa wa mutumin nan akwatin gawa. Ya ce an yi kuskure. Mai zanen ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba kuskure ba ne, baba. Duk wanda aka zana a nan zai tashi a lahira ya ci gaba da aikinsa, maigida kuwa ya ce ba ya son bawa mai nakasa.” Ka ji rashin imani! Yatsan da aka rasa ko sannu a kansa, yau an mayar masa don kada aiki ya tsaya. Camfi ne, na sani, amma masassaƙin ya yarda da shi, don haka ko mutuwar da talaka ke sa rai zai huta a cikinta an ƙwace masa. Ya fito yana haɗiyar baƙin ciki, ya tarar ana ta yi wa bafaden kirari saboda kyan kujerunsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.