Haƙoran Liman

Ta tsiyaye kwalbar a bayan rumbu, ta cika ta da ruwan gishiri.

Ƙanwarta ce ta aiko da ita daga jami'a. Maganin kurkure baki ne da ta haɗa, wai da sinadarai irin na cikin yawun mutum, masu kashe ƙwayoyin da ke cin haƙori. Tun daga ranar, mahaifinsu, limamin unguwarsu a Kabo, ba shi da zance sai na Dakta, kamar yadda yake kiran ƙanwar. Ita kuwa da ta shekara tara tana dama masa kunu, tana sassauta masa tuwo, ko sannu sai in ya tuna.

In bai ga amfani ba, ai zai gaji da kiran sunan, ta ce a ranta.

Kullum da safe takan miƙa masa, ya kurkure, ya sa wa Dakta albarka. Kafin kaka dasashinsa ya kumbura. A asibiti a Gwarzo aka cire masa haƙora biyu na gaba. Da ya ja Magariba, harafin sin ya riƙa kuɓuce masa kamar fito, har sahun baya suka ji. Washegari ya bar wa na'ibinsa limancin.

Da ya shigo gida ya kira ta, ya rage murya.

"Ke ce babba, ki riƙe mini sirri. Kada ƙanwarki ta ji maganinta bai yi ba. Shekara bakwai ta yi a kansa, zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"To, Baba," ta ce.