Tukunyar da Ta Ƙi Murɗuwa

Ta kama tukunyar za ta murɗa, sai ta ji kamar an riƙe daga ƙasa.

Bincikenta ke nan. Kullum takan murɗa ƙananan tukwanen raga masu ɗauke da tsiro da aka binne cikin akwatin ƙasa, don ta tsinke zaren fumfuna mai kai abinci daga saiwa zuwa saiwa. Tsiron da aka raba da 'yan'uwansa yakan yi rawaya. Wannan kuwa kore ne shar.

"Mantawa kika yi da shi," in ji abokin aikinta. "Tun rasuwar maigidanki hankalinki ba ya jikinki."

Ta tona a hankali. Farin zaren ya ratsa raga, ya miƙe har kusurwar da marigayin ya dasa itacen gwajinsa, wanda ta sare don ta daina ganinsa. Kututturen ya bushe ƙamas, amma saiwar na ciyar da tsiron.

"Tsinke shi mana, zai ɓata sakamako."

Ta mayar da ƙasar ta rufe. A cikinta, ɗan da take ɗauke da shi, wanda bai san ubansa ba, ya motsa.