Paris Ta Sake Faɗuwa

Ranar da Paris ta sake faɗuwa, saura ƙiris Alhaji Maccido ya jefa wayarsa cikin randa.

"To mi ne laihinta kuma?" ya tambayi ɗiyarsa Bara'atu.

"An ce har dodon koɗi suna ci, Baba. Ni ba ni zuwa."

Wannan Bara'atun ce fa shekaranjiya ta rantse in ba Paris ba sai dai a fasa tafiyar. Wanta Jelani ya sunkuyar da kai yana ƙara wa mahaifinsu shayi. Uwarsu Habi tana bakin murhu, ta juya musu baya, kafaɗunta suna ɗan motsi. Alhaji ya ɗauka hayaƙi ne ya shaƙe ta.

Shi ya jawo wa kansa, ya kuma sani. Tun da ya kama gonakin albasa a ƙarƙashin madatsar Goronyo, ya gina ɗaki a bakin gona, gidansa na Wurno ya zama wurin da yake leƙawa ranar Juma'a, in ta kama. Daga nesa yana gane fangalin albasar da ke jin ƙishirwa. Amma ran nan a tashar 'yan kabu-kabu wani saurayi mai ɗan gashin baki ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya ce, "Yaro, ɗan wa ne kai?" Jelani ne, ɗansa na fari. Kafin magariba labarin ya kai har garin Rabah.

Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna. Bayan damina Jelani zai tafi jami'a, Bara'atu kuma ta zama budurwa ba da saninsa ba. In bai san yaran nan yanzu ba, sai dai a gabatar masa da su ranar aurensu. Da yake Alhaji mutum ne da bai iya ƙaramin gyara ba, sai ya yanke: hutun makaranta mai zuwa zai kai su Turai, mako guda, shi da su. Don ya nuna shi ma uban zamani ne, ya ƙara da cewa su za su zaɓi garin.

Nan ya shiga uku.

Kullum da la'asar yakan bar ban-ruwa a hannun ma'aikata, ya bugo mota har Wurno. Yakan tarar an shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiya, shayi na kan wuta. Sai ya ciro waya, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya shiga nuna hotunan garuruwan da ko sunansu da ƙyar yake furtawa. In Jelani ya yarda da Landan, Bara'atu ta ce sanyi. Washegari in ta haƙura da sanyin, Jelani ya tuna cewa Madrid yake so saboda ƙwallo. Da Alhaji ya kwana biyu yana haddace labarin Banis, garin da ake yawo a kwalekwale, Jelani ya ce, "Baba, mu baro ruwan Goronyo mu tahi kallon ruwan wasu?"

Abin haushin ma, ba su tsayawa a kan magana. Ana cikin zancen Roma sai Bara'atu ta ce wai da gaske ne kafin a gina madatsa yana ƙetare gulbi da iyo, rigarsa a kai? Shi kuma, wawan, sai ya ajiye waya ya kama labari, har da kwaikwayon muryar kakansu. Suna dariya, yana ƙarawa. Sai kiran magariba ya farkar da shi cewa yau ma ba a zaɓi komai ba.

Mutumin da ke shirya dillalan albasa na jihohi uku a kan farashi ɗaya, yara biyu sun gagare shi. A hanya yakan yi wa kansa dariya, daga baya dariyar ta koma tsoro. Wataƙila ba garuruwan ne ba sa so ba. Wataƙila tafiya da shi ce ba sa so, kunyar faɗi kawai suke yi.

Sai mai shirya musu tafiya ya kira daga Sakkwato. Ya ce in mako ya ƙare ba a tsayar da gari ba, biza ba za ta fito kafin hutu ba, a manta da zancen.

Ranar Alhaji bai jira la'asar ba. Da azahar ya baro gona, yana tuƙi yana maimaita jawabinsa: zamanin shawara ya ƙare, Roma za a je, wanda bai so ya so. Kayan wani maƙwabci sun tare ƙofar gidan, don haka ya ajiye motar can bakin masallaci ya taho a ƙasa.

Yana cikin zaure, bai kai ga yin sallama ba, ya ji ƙarar shimfiɗa tabarma da muryar Jelani.

"Ni fa dalilaina sun ƙare. Mu bar shi shi ci yau, tausai shika ba ni."

Alhaji ya tsaya cak, takalmi ɗaya a hannu.

"Ba ka da wayo," in ji Bara'atu. "Jiya ni na kada Paris, yau kai ad da Roma. Ka samo mata laihi ko mi ne ne. Turai mako guda ce, Yaya, amma ran da duk munka zaɓi gari, Baba ya daina zakkuwa gida da marece."