Muryar Hagu da Lasifikar Tsakiya

Duk wanda ke shirin ɗora abu biyu a kan aiki guda, ya saurari wannan misali tukuna, kuma ya saurare shi har ƙarshe.

An yi wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda bayan ya ajiye aiki ba shi da abin da yake ji da shi kamar wani kaset guda ɗaya. A cikinsa akwai waƙar da aka ɗauka a gidan rediyo shekara arba'in da suka shige, ta kiran mata zuwa ajin yaƙi da jahilci, marigayiyar matarsa kuwa tana cikin 'yan amshi. Masu ɗaukar sautin sun raba waƙar gida biyu: mai ba da waƙa da kalangu suna fitowa ta dama, 'yan amshi ta hagu. Ita marigayiyar tana da ɗabi'ar jan kalmar ƙarshe bayan sauran mata sun sauke, don haka a kowane baiti akwai ɗan lokaci, bai fi numfashi guda ba, da muryarta ke tsayawa ita kaɗai a kusurwar hagu ta falonsa. Saboda wannan numfashin yake kunna kaset ɗin kowace Juma'a in an sauko daga masallaci. Kayan sautin nasa na kallon fim ne da ɗansa ya aiko masa: manyan lasifiku biyu da suka kai ƙugun mutum, dama da hagu, sai wata siririya da ke kwance a ƙarƙashin talabijin, wadda ake kira ta tsakiya, aikinta fitar da maganar mutane. Da damina ta yi nisa, rufin ɗaki ya yi yoyo daidai kan babbar ta hagu, ta sha ruwa har ta mutu. Ranar Juma'a kalangu ya tashi daga dama, mai waƙa tana bayarwa, babu mai amsa mata.

Sai tsohon ya yi tunani, tunanin kuwa ba na wawa ba ne: tun da don murya aka ƙera ta tsakiya, shi ma murya yake nema, me zai hana ta gaji gurbin ta hagu? Ya kai maganar ga mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Mai gyara ya ce ƙwarai za ta iya, amma da sharaɗi: a nemo mata 'yar'uwarta, iri ɗaya, girma ɗaya, a tsayar da su a tsaye maimakon kwanciya, daidai kunnen mai zama, babbar ta dama kuma a sallame ta ta huta. Wannan na ƙarshe shi ya tsaya wa tsohon a maƙogwaro, domin babbar ce baƙi ke fara yabawa in sun shigo. Ya ce, "Injiniya, shekara talatin na yi ina haɗa ƙaramin tarago da babba, ban taɓa ganin jirgi ya ƙi tafiya ba." Mai gyara ya ce, "Baba, tarago jan sa ake yi. Ita wannan da ƙirjinta za ta ja."

Tsohon bai ji ba. Ya koma gida ya ɗaura wayar hagu a jikin siririyar, ya kunna. Babbar ta cika falo da kalangu, amshi kuwa ya riƙa zuwa kamar daga bayan katangar maƙwabta. Ya cire wayar dama, amshin ya fito, amma ya zama maraya, ana amsa abin da ba a faɗa ba. Ya mayar da wayar, ya murɗa sauti sama. Duk abin da ya ƙara wa ƙarama, babba ta karɓi ninkinsa. Ya sake murɗawa. A baiti na uku, daidai inda sauran mata ke saukewa, siririyar ta yi wata ƙara irin ta yagewar ƙyalle, takardar cikinta mai fitar da sauti ta tsage, abin da ya fito a gurbin muryar matarsa sai zizar ƙuda a cikin gwangwani. Ya kashe da sauri, domin shiru ya fi masa sauƙi da ya ji ta a haka.

Washegari ya naɗe siririyar a tsohon zane ya kai ta bakin kasuwa, ya ajiye a kan benci. Mai gyara kuwa bai tuna masa da maganar tarago ba. Ya sauya mata takarda, ya kwana uku yana tonon tsofaffin kaya a rumfunan abokan sana'a har ya samo irinta. Ya zo gidan da kansa, ya tsayar da su biyun a kan kujerun katako masu tsawo ɗaya, ya auna da igiya daga kowace zuwa mazaunin tsohon har suka yi daidai. Babbar aka fitar da ita zaure, inda baƙi ke ajiye hula a kanta.

Da Juma'a ta zagayo, tagogi ba su girgiza ba, kalangun ma bai kai nauyin da ba. Amma dama ta bayar, hagu ta amsa, ba wadda ta hau kan wata. Matan suka sauke, murya guda ta ci gaba da jan kalmar ƙarshe ita kaɗai, tsawon numfashi guda, a kusurwar da ta saba tsayawa. Tsohon ya bar sautin inda yake, bai ƙara kai hannu ba.

Masu iya magana sun riga sun gama zancen: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.