Garin Rogo a Cikin Mazarƙwaila

Lado ya zuba garin rogo a cikin mazarƙwaila. Abin da ya faru ke nan, ba aljani, ba sammu.

A Nasarawan Doya rake ne ci, rake ne sutura. Mai fadama ya shuka, 'yan ƙwadago su sara, mai amalanke ya ɗauko, mai inji ya matse ya dafa, mata su sayar wa ma'aikata abinci. Sannan Alhaji Ikrima, wani ɗan kasuwa, ya zo da babbar mota ya kwashe zuwa Maraɗi. Kasko ɗaya ke kan wuta, amma baki ɗari ke ci.

Lado na da injinsa da kasko biyu. Sai ya gano in ya barbaɗa garin rogo lokacin da ruwan rake ke tafasa, kwano goma kan zama sha uku.

Wansa Sada, shugaban masu dafawa, ya gutsuri mazarƙwailar Lado ya tauna, ya tofar.

"Kai Lado, wannan mazarƙwaila ce ko tuwo?"

"Haba Yaya, wa zai gane? A koko za su jefa ta."

"Ni na gane. Kuma muddin ina numfashi, buhunka ba zai hau motar nan ba."

"To hana ni mu gani! Da guminka na sayi injin?"

Ranar lodi Lado ya zagaya, ya tari direba a bakin titi, ya ɗora buhu takwas.

Bayan sati biyu motar ta dawo da kayanta. Na Lado sun jiƙe sun yi funfuna, sun ɓata na kusa da su. Alhaji Ikrima ko saukowa bai yi ba.

"Malam Sada, shekara sha ɗaya ina saye a nan, ban taɓa kwance buhu na duba ba. Na koma saye a garin Kudan."

Dattawa suka taru, suka ce a rufa asiri, ai ɗan'uwa ne. Sada ya miƙe.

"Ba zan rufa ba! Ciki ɗaya muka fito, na sani. Amma raken gida ashirin ne ke bushewa a fadama. Su ba 'yan'uwa ba ne?"

Ya kira sunan Lado a gaban kowa. Daga ranar ba wanda ya sake kai wa injinsa rake. Shi kuwa Sada ya ɗaure kayan mutanen garin a bayan mashin, kasuwa zuwa kasuwa, yana fasa mazarƙwaila a gaban mai saye yana cewa, "Ɗanɗana kafin ka taya." Sai da aka yi kaka biyu kafin wata mota ta sake shigowa.

Jama'a, da noma ƙasar nan take tsaye, kuma mai saye sunan gari yake fara saye kafin kaya. Mai algus ba kansa kaɗai yake cuta ba.

Lado ya sayar da injin a kuɗin tsohon ƙarfe. Yau saran rake yake yi a fadamar wasu.