Jitar Marigayi

Ana kawo wuta bayan isha'i, sai wani tsohon maƙeri ya ji gurnani daga ɗakin 'yarsa, kamar zaki ya haɗiye injin niƙa. Ya ɗauki sanda ya leƙa, yana karanto addu'a.

Ita ce zaune, wadda tun rasuwar mijinta ko murmushi ba ta sake yi ba. Ta rungume jitar lantarkin marigayin, tana bin darasi a waya.

"Baba, kiɗan rok ne na Turawa. Hannun dama ya gagare ni, kullum sai in yi sauri."

"Ai ba ki zauna a maƙera ba, 'yar nan. Guduma ba ta gaggawa. Bi ni."

Ya shiga buga sandar a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ta bi, ta kuskure, ta sake bi. Da suka daidaita, kwanon rufi ya ɗauki rawa, ita kuma ta tuntsire da dariya. Tsoho ya yi hamdala, bai fasa bugu ba.

Da safe maƙwabcinsa a nan Unguwar Dosa ya tare shi.

"Malam, baƙuwa kuka yi ne? Dariyar wa na ji jiya?"